Ƙarancin Ruwa da Gishirin Jiki

Ƙarancin ruwa a jiki yanayi ne da ruwan da ke fita daga jikin mutum ya zarce wanda yake shiga. Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin baligi ruwa ne, na jariri kuwa ya haura haka, shi ya sa zawon wuni guda kan galabaitar da yaro fiye da babba. Gudawa da amai ne kan gaba wajen haddasa shi, musamman lokacin annobar kwalara a damina. Zazzaɓi mai zafi, ƙuna, zufar bazara da yawan fitsarin mai ciwon sukari su ma suna jawo shi.

Abin da ake fara cusa wa ɗalibin aikin jinya shi ne ruwan ba ya fita shi kaɗai, yana tafiya da gishirin jiki. Sodiyam a jinin mai lafiya yana tsakanin 135 da 145 a ma'aunin milimol cikin lita, fotasiyam kuma tsakanin 3.5 da 5. Idan sodiyam ya faɗi sosai, sai ruɗewa da jijjiga. Idan fotasiyam ne ya yi ƙasa, tsoka kan saki, ciki ya kumbura, bugun zuciya ya rikice.

Kafin sakamakon gwajin jini ya fito, ido da hannun ma'aikacin jinya ne ma'auni. Yana duba faɗawar idanu, bushewar baki, raguwar fitsari da yadda yaro yake karɓar ruwa. Yakan tsunkuli fatar ciki ya saki. Idan ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, abin ya yi tsanani. Faɗawar maɗigar jariri ma alama ce, kuma abin takaici ne yadda a wasu gidaje ake shafa mata magani alhali ruwa yaron yake nema.

Maganin ƙarancin ruwa na farko shi ne ruwan gishiri da sukari. Hanji yana tsotse sodiyam tare da gulukos, ruwa ya bi bayansu, kuma wannan hanya tana aiki ko ana tsakiyar kwalara. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladash da ke Indiya, mace-mace suka ragu ƙwarai. Ana narka fakiti guda na wannan haɗin a ruwa mai tsabta gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Mai matsakaicin ƙaranci ana ba shi mililita 75 kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa 4, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, uwa ta ci gaba da shayarwa.

Wanda ya kasa sha ko ya fita hayyacinsa, sai ƙarin ruwa ta jijiya. Amma yaro mai tamowa ba a gaggauta masa wannan, domin zuciyarsa ba ta jure ruwa mai yawa lokaci guda. Akwai haɗi na musamman mai ƙarancin sodiyam da ake ba shi a hankali ta baki.