Ɗaukar Hoton Nebula Mai Siffar Duniya

Ɗaukar hoton nebula mai siffar duniya reshe ne na ɗaukar hoton sararin samaniya, wanda masu sha'awar ilimin taurari suke yi daga gidajensu da madubin hangen nesa da kyamara da kwamfuta. Abin da ake ɗauka wani ɓawon iska ne mai haske da tauraro yake fitarwa a ƙarshen rayuwarsa. Tauraron da nauyinsa bai wuce ninki takwas na nauyin rana ba, idan makamashinsa ya kusa ƙarewa, yakan kumbura ya yi ja, sannan ya watsar da iskar da ta lulluɓe shi. Sai a bar ƙwayar tsakiya tsirara, ƙarama amma mai tsananin zafi, daga digiri 30,000 har sama da 100,000, kuma haskenta ne yake kunna iskar da ta kewaye ta. Iskar tana ta bazuwa da gudun kilomita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, har ta dushe bayan shekara dubu goma zuwa dubu ashirin. A rayuwar tauraro wannan ɗan taƙi ne. Shi ya sa kimanin 3,000 kawai aka sani a cikin babban gungun taurarin da ranarmu take ciki, alhali taurarinsa sun haura biliyan 100.

Babu abin da ya haɗa waɗannan nebuloli da duniyoyi sai kama. A ƙananan madubai na ƙarni na 18 suna bayyana a kewaye, da ɗan launin kore, kamar duniyar Uranus da William Herschel ya gano a 1781, kuma daga zamaninsa sunan ya bi su. Ta farko da aka gani ita ce Dumbbell, wadda Charles Messier na Faransa ya rubuta a 1764 a matsayin M27. Nebular Zobe, M57, ta biyo baya a 1779.

Tun farko masu sha'awa ne suka ja ragamar wannan fage. William Huggins ya sayar da kasuwancin gidansu ya gina ɗakin duban taurari a Landan, kuma a watan Agusta na 1864 ya rarrabe hasken nebular Idon Kyanwa zuwa launukansa, ya tarar kusan duka daga wasu 'yan siraran layuka yake fitowa. Wannan ya tabbatar da cewa iska ce, ba tarin ƙananan taurari ba. Layin kore mafi ƙarfi ya rikita masana, har aka zaci wani sabon sinadari ne, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna cewa oksijin ne a yanayin da iska ta yi matuƙar sirancewa. A 1886 Jenő Gothard na Hangare ya ɗauki hoton nebular Zobe daga ɗakin dubansa na kansa, tauraron tsakiyarta ya fito a hoton. Abin bai tsaya a can ba: a 2008 Dave Jurasevich na Amurka ya ba da rahoton wata sabuwar nebula da ake kira Kumfar Sabulu, a 2011 kuma Matthias Kronberger na Ostiriya ya gano wadda take ɗauke da sunansa.

Binciken Huggins shi ne ginshiƙin dabarar yau. Tun da hasken nebula a 'yan layuka yake, musamman jan haidurojin a nanomita 656.3 da koren oksijin a 500.7, ana iya sa wa kyamara filta wadda ba ta barin komai ya wuce sai waɗannan biyu. Hasken fitilun titi da na gidaje, har da wani kaso na farin wata, duk sai su tsaya a waje. Saboda haka irin wannan nebula tana cikin abubuwan da mazaunin birni zai iya ɗauka daga tsakar gida ya sami hoto mai kyau, abin da yake da wuya ƙwarai ga gungun taurari masu nisa, waɗanda haskensu ya bazu a kowane launi.

Ido yana gani ne nan take, kyamara kuwa tana tara haske sannu a hankali kamar mai tarar ruwan sama a bokiti. Ana buɗe ta daƙiƙa 30 ko minti biyar, a maimaita sau da yawa, sannan a ɗora hotunan bisa juna da manhaja irin su Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda kyauta ne. Ƙa'idar ba ta da sassauci: wanda yake son tsabtar hoto ta ninka biyu, sai ya ninka lokacin ɗauka sau huɗu. Kuma da yake sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, dole madubin ya hau mazauni mai mota da ke bin taurari, in ba haka ba kowane tauraro ya zama zane. Ƙananan na'urori masu haɗe da madubi da kyamara da filta, irin Seestar S50, suna yin yawancin wannan aiki da kansu ta hanyar wayar hannu. Suna fito da Dumbbell da wata nebula mai suna Helix da kyau, amma nebular Zobe, wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin wata ba, tana buƙatar madubi mai dogon zango.

Garin Kaduna yana kimanin digiri 10 da rabi arewa da layin ikwaita, kuma wannan matsayi alheri ne da ba kowa ya san darajarsa ba. Helix, wadda take nisan shekarar haske kimanin 650 kuma tana cikin mafi kusa da mu, takan hau har digiri 58 a saman Kaduna, alhali a Landan ba ta wuce 18, inda take nutse cikin hazon gefen sama. Dumbbell takan kai 78, nebular Zobe 67. Zoben Kudu, NGC 3132, wadda madubin James Webb ya nuna wa duniya hotonta a watan Yuli na 2022, ba ta fitowa sam a Landan, amma a Kaduna tana kai digiri 39.

Mazauna kudancin kogin Kaduna, a Barnawa da Narayi da Kakuri da Sabon Tasha da Unguwar Romi da Gonin Gora, suna da wani yanayi na daban. Tsakiyar gari da haskenta suna arewa da su, don haka saman kudu ya fi duhu, kuma can ne Helix da Zoben Kudu suke ratsawa. Matsalar tana wajen saita mazauni. Ana saita shi ne da tauraron arewa, wanda a Kaduna bai fi digiri 10 da rabi daga ƙasa ba: katangar maƙwabci ko bishiyar mangwaro ta isa ta rufe shi, in ma ya kuɓuta daga su sai ya faɗa cikin hasken gari. Wasu mazaunan da aka ƙera don Turai da Amurka ba sa sauka ƙasa haka ba tare da ƙarfen nauyinsu ya bugi ƙafa ba, kuma ya kamata mai saye ya duba wannan kafin ya biya kuɗi. Mafita ita ce manhaja irin N.I.N.A., wadda take ɗaukar hoton wani yanki na sama a wurare uku ta lissafa gyaran da ake buƙata, ba sai an ga tauraron arewa ba.

Amma abin da ya fi kayan aiki hukunci a Kaduna shi ne lokacin shekara. Nebular Zobe da Dumbbell suna tsakiyar sama da dare a watannin Yuli da Agusta, daidai tsakiyar damina, lokacin da hadari yake rufe sama dare bayan dare. Daga Disamba zuwa Fabrairu babu gajimare, sai dai hazon hunturu yana shanye hasken taurari, yana kuma mayar da hasken gari ƙasa, sama ta yi fari. Ƙurar tana sauka a kan gilashi, kowace ƙwaya ta fito a hoto a matsayin baƙin zobe. Ana maganinta da ɗaure farin ƙyalle a bakin madubi, a fuskantar da shi sama da sassafe a ɗauki hotuna, manhaja ta yi amfani da su ta goge tabon. Goge gilashi da busasshen tsumma kuwa yana karce shi har abada. A Maris da Afrilu Zoben Kudu tana sama da misalin ƙarfe goma na dare, Zobe da Dumbbell kuma suna hawa gabas kafin asuba, amma zafin bazara yana ƙara ɗigo-ɗigo a hoto, domin hayaniyar sensar kyamara tana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da kimanin digiri shida. Kyamarori masu sanyaya kansu sun fi dacewa da wannan lokaci, kuma su da mazaunin duk batiri suke so, ba wutar da za a iya ɗaukewa a tsakiyar aiki ba.

Fita daji da dare don neman duhu ba shawara ce mai kyau ba a kewayen Kaduna saboda halin tsaro, kuma da filta ba a buƙatar hakan. Tsakar gida ko rufin bene ya wadatar. Lokacin da ya fi kowane kyau shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke ya wanke iska kuma kafin hazo ya sauko. A daren da babu wata a waɗannan makonni, Dumbbell tana nan sama ta yamma bayan sallar isha, Helix kuma tana kai ƙololuwarta a kudu tsakanin ƙarfe takwas da tara.