Daga hannun maɗori zuwa ajin Tsafe

Tun kafin a kafa harsashin asibiti a Gusau, akwai masu sanin jikin mutum a ƙasar Zamfara. Maɗori kan shafa ƙafar da ta karye ya gane inda ƙashi ya goce, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare. Wanzami ya san inda zai kafa ƙaho da inda aska ba ta zuwa. Ungozoma kuwa da tafin hannu take karanta kwanciyar ɗa a ciki. Ilimi ne na gado, kuma ya yi wa jama'a rana.

Malamai ma ba su bar fagen ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insani a kan gyaran addini da jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai kan ciwon ido da basir. A Matuzgi ta ƙasar Mafara, Malam Muhammadu Tukur ya shahara da rubutu kan magani. Sai dai ƙarfin wannan ilimi yana ga magani da alamun cuta. Yadda aka jera kayan ciki da aikin kowannensu, wannan ta wata hanya ya iso.

Hanyar doguwa ce. Ibnun Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, shi ya bayyana cewa jini daga sashen dama na zuciya sai ya ratsa huhu kafin ya dawo na hagu. A 1543 Vesalius ya buga littafinsa mai zane-zanen gawar da ya feɗe da hannunsa, William Harvey na Ingila kuma ya tabbatar da kewayawar jini a 1628. A Arewa, an buɗe makarantar duba-gari ta Kano a 1932, Dokta Barau Dikko na Wusasa ya zama likita na farko ɗan Arewa bayan karatu a Birmingham, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci a 1967.

Bayan an ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, karatun ya matso ƙofar gida. Yau yarinya daga Furfuri ko Bunguɗu tana iya zama a kwalejin jinya da ungozoma ta Gusau, ko ta kimiyyar lafiya da ke Tsafe, tana haddace ƙasusuwa 206 na baligi da ɗakuna huɗu na zuciya. Wasu ɗalibai kan ɗauki darasin a matsayin wahalar jarrabawa kawai, kuma wannan kuskure ne babba.

Shekarar 2010 ta nuna dalili. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa. Alamun sun yi kama da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su tsayar da mace-macen ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tura jinin yaran aka auna, sai ga gubar dalma, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu.

Me ya sa yara? Amsar tana cikin darasin aji. Yaro na rarrafe a ƙasa yana kai hannu baki, hanjinsa kuma yana tsotsar dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba. Jiki na karɓarta kamar sinadarin da ke gina ƙashi, sai ta shiga ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba, ta hana ɓargo haɗa jini yadda ya kamata, ragowar ta maƙale a ƙashi shekara da shekaru. Shi ya sa aka fara kankare gurɓatacciyar ƙasa daga tsakar gidaje, domin maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari ba ya amfanar yaron da zai koma wasa cikin ƙurar. A Bagega, wani gari da gubar ta shafa, sai a 2013 aka yi wannan aikin share ƙasa, sannan jinyar yaran garin ta kankama.