Yadda Ƙwayoyin Bakteriya Ke Narkar da Gubar Man Fetur da Rini a Kogin Kaduna

Unguwar Barnawa tana bakin Kogin Kaduna a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, maƙwabciyar Kakuri, inda aka kafa masaƙar KTL a 1957. Akasarin masaƙun sun rufe a shekarun 2000, amma har yanzu baƙin mai daga garejin makanikai da wuraren wankin mota yana bin magudanai zuwa kogi. Matatar man fetur da aka buɗe a 1980 kuwa, idan tana aiki, ta Kogin Romi ruwan dattinta ke fita, shi kuma Romi yana zuba a Kogin Kaduna ƙasa da gari.

Daga cikin gubar da man fetur da rini ke bari a ruwa akwai benzin da fenol. Benzin yana haddasa sankarar jini, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce maikrogiram 10 a kowace litar ruwan sha. Waɗannan sinadarai suna da wuyar rushewa, domin ƙwayoyin kabon shida ne suka kulle juna kamar zobe.

Cikin ikon Allah, a laka da ruwan kogi akwai bakteriya irin su Pseudomonas da ke cin wannan guba. Sukan fara da cusa iskar oksijin cikin zoben, ya koma wani sinadari mai suna katekol, sannan su fasa shi su cinye gutsattsarin. Abin da ke saura shi ne ruwa da iskar kabon.

Sai dai muna jan hankalin jama'a cewa aikin yana da sharuɗɗa. Yana buƙatar iska da lokaci. A ruwan da ya kwanta, ko wanda mai ya rufe samansa, aikin yana tafiyar hawainiya, kuma idan gubar ta yi yawa takan kashe bakteriyar su kansu. Wannan ya fi faruwa da rani, lokacin da kogi ya janye, wato daidai lokacin da masu lambu suka fi jan ruwansa. Haka kuma bakteriya ba sa narkar da dalma da kuromiyam.

Don haka muna shawartar jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni su sa makanikai su riƙa tara baƙin mai a durom, kada a zuba shi a kwata. Wanda ya ga mai ko rini a ruwan da ake sha ko ake ban ruwa da shi, ya sanar da hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA. Tafasa irin wannan ruwa ba ya mai da shi abin sha.