Tabaran Kyamara: Tarihin Ɗan Gilashin Ɗaukar Hoton Kusa

Duk wanda ya taɓa sayen tabaran karatu ya san lambobin da ake rubutawa a jikinsa: +1, +2, +2.5. Irin waɗannan lambobi ne a bakin ɗan gilashin da masu ɗaukar hoto ke ɗaurawa a gaban kyamara idan suna son fito da idon ƙuda, ko zaren ɗinkin hula, ko rubutun tsohon kwabo. Aikin biyun ɗaya ne, domin kyamara tamkar idon dattijo take, tana hango nesa amma abin da ke dab da ita ya gagare ta. Mutane da yawa na ɗaukar wannan gilashi a matsayin kwaikwayo mai arha na ruwan tabaran makiro, wato wanda aka ƙera musamman don ƙananan abubuwa. Tarihi kuwa ya nuna cewa ɗan gilashin ne babba a haihuwa.

Ma'aunin da ke jikinsa, diyofta, daga wajen likitocin ido ya fito. Ferdinand Monoyer, likitan ido a Faransa, shi ya ba da shawararsa a 1872. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba mita ɗaya da lambar gilashin, sai a sami nisan da hoto zai fito tar idan an saita kyamara a kan nesa. Gilashin +2 yana kawo shi santimita 50, +4 santimita 25, +10 kuma santimita 10.

Buƙatarsa ta bayyana ne lokacin da hoto ya shiga hannun talakawa. A 1900 kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da Brownie a kan dala ɗaya. Akwati ne wanda ba a iya matsar da ruwan tabaransa gaba ko baya, saboda haka duk abin da ya matso kusa sai ya fito dishi-dishi. Maganin da kamfanin ya kawo shi ne ƙaramin gilashi da ake maƙalawa a gaba, wanda ke ba mutum damar ɗaukar fuskar ɗansa daga nisan kimanin mita ɗaya. A Jamus, Zeiss ya yi nasa mai suna Proxar. Kyamarar Rolleiflex, wadda ta fito a 1929 da idanu biyu, na sama na dubawa na ƙasa na ɗauka, ta zo da wata matsalar: a kusa, idanun biyu ba abu ɗaya suke gani ba. Gilasan Rolleinar sai suka zo bibbiyu, na sama yana ɗan karkatar da gani ƙasa don ya dace da na ɗauka.

Sai a 1955 Bajamushe Heinz Kilfitt ya fitar da Makro-Kilar, wanda ake lasaftawa a matsayin ruwan tabaran makiro na farko ga ƙananan kyamarori masu fim na milimita 35. Nikon ma ya biyo baya. Daga nan ƙwararru suka koma can, ɗan gilashin kuma ya zama na mai ƙaramin ƙarfi.

Mummunan sunan da ya yi yana da dalili. Gilashi guda ɗaya ba ya tanƙwara launukan haske daidai wa daida. Shuɗi ya fi ja tanƙwaruwa, shi ya sa gefen abu ke fitowa da zane-zanen launi, kusurwoyin hoto kuma su yi laushi. Amma an gano maganin wannan tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Wajen 1733 Chester Moore Hall, lauya a Ingila, ya haɗa gilashi iri biyu masu bambancin tanƙwara haske, kuskuren ɗaya ya gyara na ɗayan. John Dollond kuma ya sami haƙƙin mallakar dabarar a 1758. Gilasan kusa masu falle biyu ko fiye, irin su Canon 250D mai +4 da 500D mai +2, da Raynox DCR-250 mai +8, duk jikokin wannan dabara ne. Jerin gilasai huɗu masu arha da ake sayarwa cikin jaka ɗaya yawancinsu falle ɗaya ne, kuma su ne suka ɓata wa dangin suna.

Ga mai ƙididdige kuɗinsa, wannan tarihi na da amfani. Girman da abu zai yi ya dogara da tsawon ruwan tabaran da aka ɗaura gilashin a kai: +4 a kan na milimita 50 yana ba da kashi ɗaya cikin biyar na ainihin girman abu, a kan na milimita 200 kuwa kashi huɗu cikin biyar, wanda ya kusa kai abin da makiro ke bayarwa. Gilashin ba ya cin haske kamar zoben ƙari da ake sakawa tsakanin kyamara da ruwan tabarau, kuma tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11 na rage laushin kusurwa. Iyakarsa ita ce muddin yana ɗaure, ba a ganin nesa, kuma mai ɗaukar takardu da ke son kowace kusurwa ta fito tsaf zai fi samun biyan buƙata da makiro. Ga fure da ƙwaro da aikin dukanci kuwa, gilashi ɗaya mai falle biyu a kan dogon ruwan tabaran da mutum ya riga ya mallaka ya wadatar.