Yadda labarin da aka ƙi ya haifi Conan

1/ Jama'a, in kun taɓa tura gajeren labari aka mayar muku da shi, ku biyo ni cikin wannan zaren. Tarihi ne daga Amurka, wajen shekara ɗari da suka wuce.

2/ A 1896 Frank Munsey ya mayar da mujallarsa Argosy ta ƙirƙirarrun labarai zalla, yana buga ta a takarda mai araha. Ta samu kasuwa sosai, wasu ma suka bi sahu. Daga baya kowace mujalla ta kama layinta.

3/ Black Mask, wadda aka kafa a 1920, ta yi suna da labaran laifi da masu bincike. Weird Tales (1923) ta riƙe labaran tsafi da ban tsoro. Amazing Stories, ta Hugo Gernsback a 1926, kimiyya kawai take so.

4/ Kuɗin fa ba yawa, galibi wajen santi ɗaya kan kowace kalma. Ga kuɗin gidan waya, ga makonnin jira. Wanda ya tura labari inda bai dace ba, a aljihunsa yake ji.

5/ Ga misali. A 1929 wani saurayi ɗan Texas, Robert E. Howard, ya rubuta labarin sarki Kull da maƙarƙashiyar kashe shi. Ya tura wa Argosy da Adventure, duka biyun suka ƙi.

6/ Bai yaga shi ba. Bayan shekara uku ya ɗauko shi, ya cire soyayyar da ke ciki, ya sa boka da dodo, ya canza jarumin. Me ya sa? Masu karanta Weird Tales abin al'ajabi suke biya wa kuɗi.

7/ Edita Farnsworth Wright ya nemi gyara, sannan ya buga shi a Disamba 1932. Jarumin shi ne Conan, wanda Arnold Schwarzenegger ya fito a matsayinsa a fim ɗin 1982.

8/ Isaac Asimov ma haka. John W. Campbell na Astounding ya ƙi labaransa na farko. Amazing Stories ce ta fara buga shi, a Maris 1939.

9/ Wato editan nan ba hazaƙa kaɗai yake aunawa ba, masu sayen mujallarsa yake tunawa. Mai neman goro ba ya zuwa rumfar mai nama.

10/ Yau ma haka take, ko mujalla ce ko gasa irin Hikayata ta BBC Hausa. Kafin ku tura, ku karanta labarai biyar ko shida da suka taɓa ɗauka, ku duba tsawo da jigo da ƙa'idojinsu. In naku bai shiga layin ba, ku gyara shi ko ku nema masa wani gida.