Hayaƙi, Gobara da Dutse: Tarihin Kotunan Gundumar Allegheny

An kafa gundumar Allegheny ta jihar Pennsylvania a Amurka a shekarar 1788, birnin Pittsburgh kuma ya zama hedikwatarta a 1791. Tun daga lokacin gundumar ta gina manyan gine-ginen kotu guda uku, kowanne kuwa yana nuna halin da birnin yake ciki a zamaninsa.

Kotun farko tana bakin dandalin kasuwa ne, a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Pittsburgh ba ta wuce ƙaramin garin fatake a mahaɗar koguna ba. Da gari ya bunƙasa, sai aka koma kan tudun Grant, inda aka kammala ta biyu a 1841. John Chislett ne ya zana ta bisa salon gidajen ibadar Girkawa na dā, da dogayen ginshiƙai da ƙubba a bisa. Sai dai birnin da ke kewaye da ita ya riga ya zama matattarar masana'antu masu ƙona kwal dare da rana. Hayaƙin ya yi ta cin dutsen ginin har ya fara rugurgujewa. A watan Mayun 1882 gobara ta ƙarasa abin da hayaƙi ya fara.

Wannan asara ce ta sa mahukunta suka nemi ginin da zai jure yanayin garinsu. Aikin ya faɗa hannun Henry Hobson Richardson, wanda ya zaɓi dutse mai tsananin tauri daga Milford ta jihar Massachusetts, ya rage ƙawa a jikin bango, ya dogara da kauri da manyan ƙofofi masu baka. Muhimmin abin da ya yi shi ne barin fili a tsakiyar ginin, kamar tsakar gida, domin haske da iska su shiga ta waje da ta ciki. A garin da rana kan dusashe da tsakar hantsi saboda hayaƙi, wannan ba ƙaramar dabara ba ce.

A bayan kotun ya gina gidan yari, ya haɗa su da rufaffiyar gada ta dutse da ta ƙetare titin Ross, wadda ya kwaikwayo daga wata shahararriyar gada ta birnin Venice. Ta nan ake kai fursuna gaban alƙali ba tare da ya taka titi ba. Richardson bai ga kammalawar aikin ba: ya rasu a 1886 yana da shekara 47, almajiransa suka ƙarasa a 1888.

Birnin bai daina taɓa ginin ba. A 1913 aka kammala sassabe tudun Grant don sauƙaƙa zirga-zirga, titi ya yi ƙasa, har abin da yake ƙarƙashin ƙasa a dā ya koma mashiga. Gidan yarin kuma cunkoso ya yi masa yawa, aka rufe shi a 1995. Maimakon a rushe shi, sai aka gyara cikinsa, ya zama mazaunin kotun iyali da ta ƙananan yara.

Ginin Chislett ya yi shekara 41 kacal. Na Richardson, wanda aka zana da la'akari da hayaƙin Pittsburgh, ya haura shekara 130, kuma har yau ana zaman shari'a a cikinsa.