Ciwon mantuwa na gado: me ya sa yake saurin kama wani, ya jinkirta wa wani?

A Ƙonni, Malbaza ko Illela, idan tsoho ya fara manta sunan jikokinsa, sai a ce gigin tsufa ne. Amma idan magidanci mai shekara 45 ya ɓata a hanyar kasuwar da ya saba bi tun yana yaro, ko ya kasa lissafin cinikinsa, magana takan koma kan sammu ko iskoki. Alhali akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke yin haka tun kafin tsufa, kuma wani nau'insa gadonsa ake yi.

Mene ne wannan ciwo?

Likitoci na kiran sa démence da Faransanci. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, har tunani da magana da sanin wuri su lalace. Idan ya fara kafin shekara 65, ana cewa ya zo da wuri. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906, bayan ya kula da wata mata da aka kawo masa tana da shekara 51.

Wanda ake gada kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu Alzheimer ba. Yana fitowa ne daga tangarɗa a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado uku: APP, PSEN1 da PSEN2. Tangarɗar na sa wani sinadari mai suna amiloyid ya taru a ƙwaƙwalwa, daga baya wani mai suna tau ya biyo baya, wanda yawansa ke tafiya da lalacewar tunani.

Bambancinsa da emasi

Jama'armu sun san emasi, wato sikila: sai uwa da uba duka sun ba yaro ƙwayar kafin ya kamu. A nan kuwa ɗaya daga cikin iyaye ya isa. Kowane ɗa na mai ɗauke da ƙwayar yana da rabi da rabi: ko ya gada, ko ya tsira. Don haka ba auren zumunci ke haddasa shi ba. Wanda ya gada kuma yakan fara nuna alamu kusa da shekarun da mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka fara.

Sai dai akwai inda suka yi kama. Yara biyu masu emasi, ɗaya kullum yana likita, ɗaya kuwa da sauƙi, saboda wasu ƙwayoyin gado na daban suna rage masa zafin ciwon. Haka abin yake a ciwon mantuwa.

Darasin wani dangi a Kolombiya

A yankin Antioquia na ƙasar Kolombiya akwai wani dangi mai mutane wajen 6,000, inda kimanin 1,200 ke ɗauke da tangarɗa iri ɗaya a PSEN1. Likita Francisco Lopera, wanda ya rasu a 2024, ya shafe kusan shekara 40 yana bin su. Yawancinsu mantuwa kan fara musu a shekara 44, ciwon ya kankama a 49.

A 2019 mujallar Nature Medicine ta ba da labarin wata mata ta wannan dangi da ta haura shekara 70 kafin tunaninta ya fara rauni. Ƙwaƙwalwarta cike take da amiloyid, amma tau kaɗan ne. An gano ta gaji wani nau'in ƙwayar APOE da ake kira Christchurch ta wajen uwa da ta wajen uba. A 2023 aka sake samun wani namiji da ya kai shekara 67 da hankalinsa, shi kuma wani sauyi a ƙwayar RELN ake ganin ya kare shi. A 2024 bincike kan mutum 27 da suka gaji Christchurch ta gefe ɗaya kawai ya nuna ciwon ya jinkirta musu da kimanin shekara 5.

Ke nan ƙwaya ɗaya ce ke kawo ciwon, amma wasu ƙwayoyin na da ta cewa kan lokacin zuwansa da saurin tafiyarsa. Masu haɗa magunguna yanzu suna neman hanyar kwaikwayon wannan kariya.

Abin da iyali za su yi

Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi. Amma ba kowace mantuwa ce Alzheimer ba. Ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, tunjere, sida, da ƙananan shanyewar jiki da hawan jini ke jawowa duk suna iya rikita tunani, kuma da yawansu ana magance su ko a tsayar da su. Shi ya sa ya kamata a fara da likitar unguwa, sannan asibitin gunduma, asibitin Galmi ko babban asibitin Tawa, inda za a iya tura majinyaci wajen likitocin ƙwaƙwalwa a Yamai.

Kafin a tafi, a tattara tarihin gida: wa ya taɓa yin irin wannan, ta wajen uwa ko uba, kuma yana da shekara nawa ya fara? Wannan bayani shi likita zai fara tambaya. Majinyacin kuma a daina ɗaure shi ko zargin sa da maita. A bar shi cikin mutanen da ya sani, a sa masa lambar wayar wani ɗan uwa a aljihu, sannan a daidaita maganar gona, bashi da dukiyar ƴaƴa tun yana iya faɗin abin da yake so.